Faɗuwa Ɗaya da Tsawon Sana'a a Tseren Gwamutsa: Tarihin Gasar Lindsey Jacobellis da Matsayin Mahayan Sukuwa a Ƙasar Gumel

Tsakure

Maƙalar nan ta bi diddigin tarihin gasar Lindsey Jacobellis ta ƙasar Amurka, wadda ta yi shekara 20 tana tsere a kan allon zamiya a dusar ƙanƙara, a nau'in tseren da mutum huɗu ko shida ke tashi tare a turba ɗaya. An jera sakamakonta na manyan gasa daga 2003 zuwa 2023, aka duba shi tare da ƙa'idojin wasan da alƙaluman rauni da aka wallafa. Abin da ya fito shi ne, a tseren gwamutsa sakamakon rana ɗaya ba ya auna gwaninta. Doguwar rajista ce ke aunawa, ita ce kuma ke riƙe ɗan tsere a fage bayan ya faɗi a idon jama'a. Daga nan aka juyo da wannan ma'auni kan mahayan sukuwa a ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, inda akan riƙe sunan doki da na mai shi, sunan mahayi kuwa ya bi iska.

1. Gabatarwa

Tsere iri biyu ne. Akwai wanda kowa ke da layinsa, ko kuma kowa ya shiga shi kaɗai agogo ya raba gardama, kamar gudun mita 100 da ninƙaya. Akwai kuma wanda ake sakin 'yan tsere gaba ɗaya a kan turba guda, kowa na neman gurbin da ɗan'uwansa ke nema, a gogi juna a kwana, kuskuren wani ya kayar da wanda bai ji ba bai gani ba. Wannan na biyu shi ake nufi da tseren gwamutsa a wannan nazari. Sukuwar dawaki irinsa ce, haka tseren babura a turbar ƙasa, haka kuma sinobod-kuros, wato tseren allon zamiya da ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a 2006.

Mai karatu na iya tambayar me ya haɗa Sule Tankarkar, ƙasar yashi da gero da riɗi, da wasan da ba ya yiwuwa sai a kan duwatsu masu dusar ƙanƙara. Nijeriya ma kanta sai a 2018 ta fara halartar Olamfik ta hunturu. Amsar ita ce rubutu. Tseren allon zamiya sabon wasa ne, ya taso a zamanin talbijin, don haka kusan kowane zagaye nasa a rubuce yake, da sunan ɗan tsere da matsayinsa da dalilin fitarsa. Tambayar da ba a iya amsawa a fagen sukuwa saboda rashin kundi, can ana iya amsa ta: shin nawa ne rabon gwaninta, nawa ne rabon sa'a, kuma me ke sa ɗan tsere ya daɗe a sana'arsa? An zaɓi Jacobellis ne saboda tarihinta ya haɗa abu biyu da ba kasafai suke haɗuwa ba. Babu macen da ta kai ta yawan nasara a wasan, kuma da wuya a sami ɗan wasan da faɗuwa ɗaya ta bi shi tsawon shekaru kamar yadda ta bi ta.

2. Hanyar bincike

Nazarin na kundi ne. An dogara da sakamakon da Hukumar Wasannin Zamiya ta Duniya, wato FIS, da Kwamitin Olamfik na Duniya suka fitar, da kuma rahotannin bibiyar rauni na gasar Olamfik ta 2010 da 2014 da 2018 da aka buga a mujallar British Journal of Sports Medicine. An ƙara da wani ɗan lissafi na misali don nuna tasirin tsarin fitar da 'yan wasa zagaye-zagaye. Ɓangaren ƙasar Gumel kuwa an gina shi kan tsarin mallakar doki da hawansa a ƙasar Hausa, wanda duk mai bin fagen sukuwa ya san shi.

3. Yadda wasan yake

An fara shirya irin wannan tsere a 1991 a dutsen Blackcomb da ke Kanada, lokacin da Steven Rechtschaffner da Greg Stump ke neman abin da za su cike wani shirin talbijin da shi. Sun ɗauko tsarin tseren babura ne suka ɗora a kan ƙanƙara. Ɗan tsere yana tsaye a karkace a kan allo guda, ƙafafunsa biyu a ɗaure, ba sanda a hannunsa. Turbar gangara ce mai tsawon kimanin kilomita ɗaya ko fiye, an gina mata kwanoni masu ɗagaggen gefe, da wuraren tsalle, da tuddai a jere kamar kunyoyin gonar gyaɗa, sai dai sun fi su girma nesa ba kusa ba. Zagaye ɗaya ba ya kai minti biyu.

Da farko kowa kan sauko shi kaɗai a ɗauki lokacinsa. Wanda ya fi sauri shi ke fara zaɓen ƙofar tashi. Daga nan sai a shiga zagayen fitarwa: idan huɗu ne a rukuni, biyun farko su wuce, idan shida ne, kamar yadda aka yi a Olamfik ta 2014 da 2018, ukun farko su wuce. Ba a duba lokaci kuma, wanda ya riga ƙetare layi shi ne. An haramta turi da jan riga da gangan, amma gogayyar da ba a yi niyya ba halak ce, kuma ita ce ruwan dare.

Abu biyu a cikin wannan tsari sun shafi zancenmu kai tsaye. Na gaba shi ke sarar iska, na bayansa yana samun sauƙi a inuwarsa, ya tara gudu ya wuce shi a miƙaƙƙiyar hanya, saboda haka shiga gaba da wuri ba tabbacin nasara ba ne. Sannan duk wanda ke tsakiyar tawaga rayuwarsa na hannun na kusa da shi. Gwani na iya bin layi mafi kyau, wani ya zame a gabansa, su zube tare, shirin shekara huɗu ya tafi a banza.

4. Bardonecchia, 17 ga Fabrairu 2006

An haifi Jacobellis ranar 19 ga Agusta 1985 a jihar Connecticut. Ta yi sakandare a makarantar Stratton Mountain da ke Vermont, wadda ke haɗa karatu da horon wasannin ƙanƙara. Kafin ta je Olamfik ta Turin a Italiya ta riga ta ci zinaren gasar X Games sau uku a jere, 2003 da 2004 da 2005, ta kuma zama zakarar duniya a Whistler a 2005. Shekarunta 20 a lokacin.

A Bardonecchia, inda aka yi tseren na Olamfik ta Turin, su huɗu suka fito zagayen ƙarshe: ita, da Tanja Frieden ta Siwizalan, da 'yan Kanada biyu, Maëlle Ricker da Dominique Maltais. Ricker ta faɗi tun da wuri har sai da aka ɗauke ta zuwa asibiti. Maltais ta faɗa cikin ragar gefen turba. Jacobellis ta ba Frieden tazarar kimanin mita 40, layin ƙarshe yana gabanta. A tsalle na biyun ƙarshe, tana sama, sai ta kai hannu ta kama gefen allonta ta ɗan murɗa shi, salon da 'yan wasan kan yi don ƙawa. Ta dira a kan gefen allon, ta faɗi, ta zame gefe. Kafin ta miƙe Frieden ta wuce ta ɗauki zinare. Jacobellis ta tashi da azurfa, Maltais kuwa ta fito daga raga ta ƙarasa ta karɓi tagulla.

Da farko Jacobellis ta ce ta kama allon ne don ta daidaita kanta a iska, daga baya ta amsa cewa murna ce ta ɗebe ta. Kafafen yaɗa labaran Amurka suka ɗauki hoton faɗuwar suka mayar da shi misalin taƙama da ta jawo asara, ana maimaita shi duk shekarar Olamfik. Kuskure ne nata, ba na musun haka, kuma ba gogayyar kowa ta jawo shi ba. Amma a duba zagayen da kyau: cikin mata huɗu mafiya ƙwarewa a duniya a ranar, uku sun faɗi a cikin tsere ɗaya. Wadda ta ci ita ce wadda ta tsaya a kan ƙafarta. Faɗuwar Jacobellis kaɗai aka riƙe saboda ita ce mai labari, kuma ƙwaƙwalwar 'yan kallo labari take ajiyewa, ba jimilla ba.

5. Shekara goma sha shida

Abin da ya biyo baya ya kasu gida biyu, kuma gidajen ba su yi kama da juna ba. A Olamfik ta Vancouver a 2010 Jacobellis ta rasa daidaito bayan wani tsalle a zagayen kusa da na ƙarshe, ta bugi tutar turba, aka fitar da ita, ta ƙare ta biyar. Ricker, wadda aka kwasa a sume shekara huɗu baya, ita ta ci zinare a gaban mutanen ƙasarta. A Sochi ta Rasha a 2014 tana gaba ita kaɗai a zagayen kusa da na ƙarshe ta faɗi, ta ƙare ta bakwai, Eva Samková ta Jamhuriyar Cek ta ci. A PyeongChang ta Koriya ta Kudu a 2018 ta kai zagayen ƙarshe, ta ja ragamar tseren na wani lokaci, aka wuce ta, ta ƙare ta huɗu, tsakaninta da tagulla ɗan ƙanƙanin ɓangare na sakan ɗaya. Michela Moioli ta Italiya ta ɗauki zinare. Wanda bai san wasan ba sai ta Olamfik zai ce ga wadda take karyewa duk ranar da ake buƙatarta.

Ɗaya gidan kuwa ga yadda yake. Bayan ta zama zakarar duniya a 2005, Jacobellis ta sake ci a Arosa a 2007, da La Molina a 2011, da Kreischberg a 2015, da Sierra Nevada a 2017, sau biyar ke nan ita kaɗai, ta ƙara da na haɗin gwiwar mace da namiji tare da Mick Dierdorff a 2019. Zinaren X Games ya kai goma a hannunta zuwa 2016. Ta zo ta ɗaya a jimillar makin Kofin Duniya na wannan tsere a kakar 2007 da ta 2009, kuma tseren Kofin Duniya da ta ci ɗaiɗai sun haura 30. Waɗannan gasa da abokan karawa guda ake yin su, matan da take haɗuwa da su a Olamfik su ne dai a can. Bambancin shi ne Kofin Duniya ana yin sa sau da yawa a kowace shekara, Olamfik kuwa rana ɗaya ce a cikin shekara huɗu.

Ranar 9 ga Fabrairu 2022, a filin Genting da ke Zhangjiakou, a Olamfik ta Beijing, ta ci zinare tana da shekara 36. Chloé Trespeuch ta Faransa ta zo ta biyu, Meryeta O'Dine ta Kanada ta uku. Shi ne zinaren Amurka na farko a wannan gasa, kuma a lokacin babu Ba'amurkiyar da ta taɓa cin zinaren hunturu tana da yawan shekarunta. Bayan kwana uku ta ƙara na biyu a tseren haɗin gwiwa tare da Nick Baumgartner mai shekara 40, har ta sake kama allonta a tsallen ƙarshe, ta dira lafiya. A 2023 ta ci tagulla a gasar duniya ta Bakuriani, a shekarar kuma ta fitar da littafin tarihin rayuwarta.

Bai kamata a karanta Beijing a matsayin ranar da ta gyaru ba. Sa'ar da ta juya mata baya sau uku ita ce ta ɗan waiwayo ta. Samková ba ta zo ba, ta karye a idon sawu biyu a Montafon a watan Disamba 2021. Charlotte Bankes ta Birtaniya, zakarar duniya ta 2021 wadda ake sa ran za ta ci, an fitar da ita tun a zagayen kwata-fainal. Moioli ba ta kai zagayen ƙarshe ba. Wannan bai rage wa Jacobellis komai ba, domin abin da ya same su shi ya sha samun ta. Gwanintarta ita ce tana nan a ƙofar tashi karo na biyar, da ƙarfin da za ta amfana da ranar.

6. Lissafin misali

A ɗauka akwai gwanar da ke da damar kashi 80 cikin 100 ta tsallake kowane ɗaya daga zagaye uku na fitarwa, idan kuma ta kai na ƙarshe tana da damar kashi 50 ta ci. Wannan fifiko ne babba a kan sauran. Duk da haka, idan aka ninka 0.8 sau uku aka raba biyu, damarta ta cin zinare a gasa ɗaya ba ta wuce kashi 26 cikin 100 ba. Damar ta yi gasa huɗu a jere ba ta ci ko ɗaya ba kuwa ta kai kusan kashi 31. Ma'ana, cikin irin waɗannan gwanaye uku, kusan ɗaya za ta yi Olamfik huɗu hannu rabbana ba tare da wani aibu a zuciyarta ko a horonta ba.

Alƙaluman na misali ne, ba a ciro su daga tarihin kowa ba, amma suna nuna abin da tsarin ke yi. Hausawa kan ce sai an gwada akan san na ƙwarai. A tseren gwamutsa gwaji ɗaya bai isa ba, huɗu ma ba su isa ba. Sai an tara gomiya-gomiya kafin sa'a ta wanke kanta, gwaninta ta fito fili. Zagayen ƙarshe na maza a Beijing ma shaida ne, inda sai da aka duba hoton layi kafin a san Alessandro Hämmerle na Ostiriya ya riga Éliot Grondin na Kanada da kashi 2 cikin 100 na sakan.

7. Rauni da abin da ke riƙe ɗan tsere

Tara gwaji mai yawa sai da jiki. Rahoton Engebretsen da abokan aikinsa kan Vancouver ya nuna kusan kashi 35 cikin 100 na 'yan wannan tsere sun ji rauni a lokacin gasar. Na Soligard da abokan aikinsa ya ba da kusan kashi 34 a Sochi da kashi 26 a PyeongChang, inda Markus Schairer na Ostiriya ya karya ƙashin wuya. Ita kanta Jacobellis jijiyar gwiwarta ta tsinke a Aspen a watan Janairu 2012 tana atisaye, aka yi mata tiyata, ta daɗe ba ta fage, sannan ta dawo ta ci X Games ta 2014.

Abin lura a nan shi ne an san waɗannan alƙaluma ne don an ƙirga. Tun 2006 FIS ta kafa tsarin bibiyar rauni tare da cibiyar binciken raunin wasanni ta Oslo, kuma irin wannan bayani ne ake dubawa idan ana muhawara kan girman tsalle da tsarin turba. Haka kuma hukumar wasan ta Amurka da kamfanonin da ke ɗaukar nauyin Jacobellis ba hoton Turin suke dubawa ba idan za su yanke shawara a kanta. Makinta suke dubawa, makin kuma yana cewa ita ce ta ɗaya. Da ra'ayin 'yan kallo ake zaɓen tawaga, da ba ta ga Beijing ba. Kada a ɗauka kuma wasan na masu kuɗi ne zalla: Baumgartner aikin zuba kankare ya riƙa yi da bazara a jihar Michigan don ya riƙe kansa da sana'ar.

8. Doki da mahayinsa a ƙasar Gumel

Masarautar Gumel, wadda Mangawa suka kafa a ƙarni na 18, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Ta ci gaba da bin Borno, ta yi ta gwabzawa da Haɗeja, ta kuma sha fama da harin Damagaram. A irin wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai yashi, doki shi ne makami, shi ne kuma alamar mulki. Yaƙi ya wuce, doki bai wuce ba. Yana nan a bargar hakimai da dagatai da attajirai, daga Gumel har garuruwan Sule Tankarkar irin su Danzomo da Jeke da Danladi, ana fito da shi ranar hawan salla da naɗin sarauta da biki. Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi a Afirka ta Yamma, ita ke ciyar da yankin da dawakin da ake kawowa daga arewa da gabas.

Dole a bambanta hawa da tsere. Hawan salla da jafi nuni ne na biyayya da ado, shi ne kuma ya sami shiga kundin UNESCO a 2024 da sunan hawan Kano. Sukuwa ta gasa wani abu ne daban, kuma tana da nata tarihin a Arewa: filin sukuwa na Kano, da Dandalin Murtala na Kaduna wanda asalinsa filin tsere ne, da gidan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo da aka sani da son dawaki, ga kuma fagagen Yamai da Maraɗi da Damagaram a ƙetaren iyaka. A manyan gasa ana raba dawaki aji-aji bisa jininsu, ba a haɗa ɗan Arewa da ɗan Sudan. Duk siffofin da aka lissafa a sashe na 1 da na 3 suna nan: tashi tare, rige-rigen kama cikin kwana, ƙurar na gaba da ke rufe idon na baya, da tuntuɓen doki ɗaya da ke kayar da biyu.

Inda aka rabu shi ne matsayin mutumin da ke kan sirdi. Jacobellis allonta nata ne, sunanta ake rubutawa. Mahayin sukuwa akasari yaro ne ko matashi marar nauyi, doki ba nasa ba ne, sau da yawa ma a bargar ya tashi yana yankan ciyawa, yana ba da harawa da dusa da kanwa, yana fita kilisa da asuba. Idan aka ci, cewa ake yi dokin Alhaji wane ya ci. Kyauta ta tafi gidan mai doki, shi ya ba mahayi abin da ya ga dama. Adabinmu ma haka ya nuna: fitacciyar waƙar Ibrahim Narambaɗa ta Dokin Iska Ɗanfilinge, sunan doki ne ya zama sunanta, shi ne kuma duniya ta riƙe. Idan kuwa aka faɗi, nan take ake tuna akwai mahayi. Shi ya saki linzami da wuri, shi ya matse a kwana, shi ya ji tsoro. Nasara ta doki, faɗuwa ta yaro. Wannan rabo bai yi mini adalci ba, kuma ba shi da tushe a hankali, domin hannun da ake zargi ranar faɗuwa shi ne dai hannun da ya riƙe linzami ranar nasara.

Idan lissafin sashe na 6 ya tabbata a kan ƙanƙara, a fagen sukuwa ya fi tabbata, domin an ƙara wani mai rai a tsakani, da lafiyarsa da halinsa da abin da ya ci jiya. Mahayin da ya hau sau 30 ya shiga ukun farko sau 20 gwani ne, ko da ya taɓa faɗuwa mummunar faɗuwa a gaban Sarki. Amma idan ba a rubuta talatin ɗin ba, faɗuwar ce kawai za ta rage a bakin mutane, mai doki kuma ya nemi wani yaro. Yana da Turin ɗinsa, ba shi da Arosa da La Molina da za su yi masa shaida.

9. Nauyi, sikeli da rajista

Akwai wani abu da ke gajarta sana'ar mahayi ko da bai taɓa faɗuwa ba, shi ne girma. A kan allon zamiya nauyi ba aibu ba ne, yana ma taimakawa a gangara, shi ya sa masu shekara 36 da 40 suka iya cin zinare da hankalin da shekaru suka ba su. A kan doki kowane kilo kaya ne. Inda ba a auna nauyi, mai doki zai zaɓi yaro mafi ƙanƙanta, ya sauke shi daidai lokacin da ya fara sanin fage. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sun ga ƙarshen wannan hanya a tseren raƙuma, inda aka kai ga ɗora yara ƙanana ƙwarai, har Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Ƙatar suka haramta, aka koma amfani da mutum-mutumi daga wajen 2005.

Maganin da tseren dawaki na duniya ya daɗe da samowa shi ne sikeli. Ana ƙayyade nauyin da kowane doki zai ɗauka, a auna mahayi da sirdinsa kafin tsere da bayansa, wanda bai kai ba a cika masa da dalma. Da zarar an yi haka, ƙanƙantar yaro ba ta da wata riba, sai a koma neman gwani. Ƙarƙashin wannan ƙa'ida ne Lester Piggott na Ingila ya ci gasar Derby sau tara, ya kuma ci wata babbar gasa a Amurka a 1990 yana da shekara 54. Sikelin da ake auna buhun riɗi da zoɓo da shi a Maigatari ya isa wannan aiki a kowane fagen ƙauye. Hular kwano da motar asibiti a bakin fage su ma ba su fi ƙarfin masu shirya gasar da ke iya sayen dawakin ba.

Rajista ta fi sikeli wuya, ba don tsada ba, sai don tana son wanda zai lizimce ta shekara da shekaru. Abin da za a rubuta kaɗan ne: rana da wuri, nisan tsere, ajin dawaki, sunan kowane doki da mai shi, cikakken sunan mahayi da garinsu da nauyinsa, matsayin da kowa ya zo tun daga na ɗaya har na ƙarshe, da wanda ya faɗi da irin raunin da ya ji. Rubuta na ƙarshe yana da muhimmanci daidai da rubuta na farko, domin jimillar hawa ce ke ba nasara ma'ana. Majalisar masarauta, wadda dama tana da shamaki da masu kula da barga, ita ta fi dacewa ta mallaki kundin, Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel kuma ta riƙe kwafi ta sa ɗalibai su riƙa cike shi. Bidiyon tsere da matasa ke ɗorawa a Facebook da TikTok ma ɗanyen kaya ne da za a iya tacewa a ciro sakamakon shekarun baya-bayan nan, tun ana iya gane fuskoki.

Matsala biyu za su taso tun ranar farko. Mahaya da laƙabi aka fi saninsu, laƙabi ɗaya kuma yana iya hawa kan mutum uku a garuruwa uku, saboda haka sai an ba kowa lamba da za ta bi shi duk fagen da ya je. Doki shi ma yana canza hannu, sabon mai shi yana iya raɗa masa sabon suna ranar da ya sauke shi daga Maigatari, don haka sai an rubuta launinsa, kili ne ko akawal ko hurde, da tabon goshi da na ƙafa, da tambarin wuta idan yana da shi. Tun da dawaki da mahaya suna kai da kawo tsakanin ƙasar Gumel da Dungas da Magarya da Damagaram, kundin da ya tsaya a bakin iyaka rabin tarihin mahayi kawai zai ɗauka. Tun daga shafin farko ya kamata a zauna da masu shirya tsere na ɓangaren Nijar a yarda a kan tsarin lamba guda.